Ruhusa da Rahusa

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Kai Abba ka ji shi tun kana ƙarami a lungunan Misfala, unguwarmu ta nan Makka, ke kuma Hajara kin ji shi a bakin dangin mijinki ranar da kuka yi cacar baki, wai uwarku ce ta kai ubanku gaban hukuma da hannunta. Shekara hamsin da ɗoriya ban tanka ba, kuma kun san ni, ba rashin baki ne ya hana ni ba. Na yi shiru ne saboda rabin maganar gaskiya ce, ban kuwa san yadda zan raba muku ita da ɗaya rabin ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya soma ƙi, bakin ne kaɗai ya rage, to ga shi. Na ce a rubuta da Hausa ko da yake 'ya'yanku sai an juya musu da Larabci, domin kalma ɗaya ce ta ci gidanmu, kuma in aka juya ta babu abin da zai saura.

Ubanku maharbi ne, ɗan maharbi. Sunansa Ummaru. Ban taɓa kiransa da shi ba yana raye, nan ma sau ɗaya na faɗa, ya isa. Bagobiri ne dogo, mai tsage har kunne, mai ƙarancin magana. Da ƙafa ya taso daga ƙasarsu, ya yi shekara bakwai a hanya, ya tsinci auduga a Sudan har hannunsa ya yi kanta, sannan ya iso Makka bayan an gama yaƙin Turawa da 'yan shekaru. Abin da ya iso da shi riga ɗaya ce, da buta, da bindigar toka ta ubansa wadda yake kira Tsohuwa. Doguwa ce, in ya tsayar da ita tana kai mini kunne, an ɗaure gindinta da jan fata inda icen ya tsage. Yadda ya ƙetaro teku da ita ban tambaya ba. Na tambaye shi abubuwa dubu na banza a zamanmu, wannan ɗaya ban tambaya ba.

Ku duba mutumin da aka haifa don farauta ya zo ya zauna a garin da ba a taɓa ko fara. Tantabarun Harami suna tafiya a kan ƙafarsa yana zaune, sai ya bi su da ido ya haɗiye yawu, ni kuwa in yi ta yi masa tsiya ina cewa Sarkin Baka ya tuba. Amma Allah bai bar shi ba sana'a ba. Wani Balarabe mai fataucin tumaki ya ɗauke shi gadin garkensa, can gaba da Ka'akiyya, bayan an wuce alamar iyakar Harami, inda ake tara dabbobin hadaya kafin a koro su Mina. Kuraye sun yi yawa a duwatsun nan a lokacin, ɓarayin tumaki ma haka. Ƙarar Tsohuwa kaɗai ta ishe su. A can take kwana, a bukkarsa ta gadi, bai taɓa shigowa da ita gari ba, yana cewa ba a shiga gidan Allah da wuta a kafaɗa.

Ni a Misfala aka haife ni. Babana Bakano ne, kakanku, ɗinkin hema yake yi, tantunan da ake kafa wa alhazai a Arfa. Ya daɗe a ƙasar har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, yana ajiye ta a cikin gafakar Alƙur'aninsa, kuma ba ya yarda da kowane abu sai ya gan shi a rubuce. Na tashi da Larabcin kasuwa a bakina, ina iya zagin mai sayar da gawayi har ya rage mini. Ubanku kuwa Larabcinsa na salla ne da na ƙirgan tumaki. Wannan ya sa nake jin na fi shi wani abu, ba na kuma ɓoyewa. In zan faɗi gaskiya, ina sonsa ƙwarai, amma ina son a ji ni fiye da yadda ya kamata.

Shekarar da abin ya faru kai Abba kana rarrafe, ke Hajara kina ciki wata huɗu. Muna zaune a ɗakin gwangwani da buhu a jikin dutse, katanga ɗaya da gidan Baba. Wata ranar Shawwal bayan la'asar maza suna zaune a tabarma a ƙofar gida, ubanku da Baba da wasu maƙwabta uku, ni ina bayan labulen buhu ina haɗa musu shayi. Sai ga Jibo, wani mutumin Damagaram mai ɗaukar ruwa, abokin tafiyar ubanku tun daga Sudan, ya hauro yana haki. Ya ce an yi shela a kasuwa, ya ji da kunnensa.

“Duk mai bindiga ya kai ta ga hukuma kahin watan Zulƙida ya mutu,” in ji Jibo. “Sun ce da rahusa. Sau ukku mai shela ya hwaɗa, rahusa, rahusa. Sayen su za su yi da arha, malam. Wanda ya ɓoye kuwa ɗauri.”

Ubanku ya ajiye finjalin da ke hannunsa a hankali.

“Rahusa? Bindigar ubana ta za a yi ma rahusa? Tumatur na da yak kwana? Ko da nauyinta na zinari ba ni saida Tsohuwa, balle rahusa.”

A nan ne na yi abin da har gobe nake jin ɗacinsa. Na gane kalmar tun Jibo bai rufe baki ba. Ruhusa mai shela ya ce, wato takardar izini, irin wadda mai shago yake karɓa, da direban mota. Ba saye ba ne, rubutawa za a yi a ba ka takarda ka ci gaba da riƙe abinka. Da na bari sai ya shigo ɗaki na gaya masa a hankali, da ban san abin da zai faru ba, amma da ba wannan ba. Sai na tuntsire da dariya, irin wadda ake ji har gida uku, na ɗaga labule na leƙo da kaina.

“Ya salam! Ruhusa aka ce, ba rahusa ba. Izini! Shekara nawa kuna shan ruwan garin nan, kunnenku yana can Gobir? Wa zai sayi wannan tsohon icen naka ko da rahusar?”

Maƙwabtan nan uku suka kwashe da dariya. Jibo ma ya yi, don ya rufe tasa kunyar. Baba ya harare ni ya ce in koma ciki, amma na ga gefen bakinsa yana motsi. Ubanku bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya dubi tabarma ya ce shi dai rahusa ya ji, kuma rahusa suke nufi ko da wane harafi suka faɗe ta.

Ina cikin ɗaki ina jin su har magariba. Baba ya zauna masa da hujja, irin zaman da yake yi wa mai hema in ya zo rage kuɗin ɗinki. Ya ce wannan abin alheri ne ga mai bindiga in ya duba. Yau kana riƙe da ita ne don umda, mai unguwarmu, ya san ka ya kau da kai, gobe in an canja umda fa? In wani askar, ɗan sandan ƙasar, ya tare ka a hanyar Ka'akiyya, me za ka nuna masa? Amma in an rubuta a littafin hukuma cewa wane yana da ikon riƙe bindigarsa, to ya zauna, ko wanda ya rubuta ya mutu littafin yana nan.

“Abin da ba a rubuta ba aro ne a hannunka,” in ji Baba. “Ranar da aka ga dama a karɓe.”

“Baba, wanda yab ba ka da alƙalami shi na ka amshewa da alƙalami,” in ji ubanku. “Ni ba kowa yab ba ni ita ba. Ubana yam mutu yab bar min, shi ma nashi uban yab bar mai. Nasara sun ce a kai a buga ma ta lamba, ubana yas sa ta cikin rumbu shekara ukku. Ban ratso duniya da ita don in miƙa ma wani yaro mai tawada ba.”

Na ji wannan a lokacin na ce taurin kai ne na Gobirawa. Yanzu da na tsufa na ga kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma gaskiyar ba ta amfani kowa ba a cikinsu.

Washegari da hantsi ya dawo daga gadi da Tsohuwa a cikin damin ciyawar tumaki, karo na farko da ta shigo gari. Ya naɗe ta da tsumma mai mai, ya cusa ta tsakanin gwangwanin rufi da azara, daidai saman inda nake shimfiɗa Abba. Ya ce a can bukka kowa ya san da ita, nan ne ba za a zata ba. Daga ranar ya koma gadi da sanda da wuƙa. Kullum in na buɗe baki sai ya ce rahusa. Na yi masa bayani da lallashi, na yi da faɗa, na kawo masa malamin masallacinmu ya rubuta masa kalmomin biyu a ƙasa da yatsa ya nuna masa bambancinsu. Ya saurara da ladabi, ya yi wa malam godiya, malam na fita ya ce shi ba ya sayarwa. Na ɗauka dariyata ce ta kafe shi, cewa ya gwammace ya mutu da ya yarda mace ta gyara masa magana a gaban maza. Haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina, sai in huce a kan tukwane.

Zulƙida ya kama, abubuwa suka soma matsowa. Kuraye suka gane babu ƙara, suka shiga garke suka kashe tumaki huɗu, ɗaya ta kama shi a ƙauri da ya je da sanda. Ya dawo yana ɗingishi, wandonsa ya manne da jini, na wanke masa da ruwan gishiri ina kuka ina masifa. Mai tumakin ya aiko cewa shi maharbi ya ɗauka, in babu bindiga bayan Hajji ya nemi wani aiki. Sannan aka shiga gidan wani Bayamale a ƙasan dutsenmu da rana tsaka, aka fito da bindiga daga cikin buhun shinkafa, tun wa'adin bai cika ba, don wani ya kai tsegumi cewa ya rantse ba zai kai ba. Na ga an wuce da shi hannu a ɗaure, matarsa tana bin su ba takalmi. Mutum biyar ne suka ji ubanku ya ce ba zai kai ba, ban da matansu. Na daina iya cin abinci. In na kwantar da Abba sai in ɗaga kai in ga tsumman nan yana leƙowa.

Saura kwana shida wa'adi ya cika na yanke shawara. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Inna kakarku ba. Na ce a raina, tunda girman kai ne ya hana shi, to ni ba ni da girman da zan tsare. Zan kai ta, a rubuta, in kawo masa takarda in ajiye a gabansa, ya yi fushin kwana biyu ya huce, ya koma aikinsa da bindigarsa a kafaɗa babu mai tare shi. Har na shirya abin da zan ce masa. Wallahi har da 'yar tsiyar da zan ƙara a kai.

Lokacin kowa a unguwa yana jigilar kayan hema zuwa inda motocin Arfa suke lodi, don haka mace da damin sandunan tanti a ka ba abin kallo ba ce. Da safe, kafin ya dawo daga gadi, na kai Abba wurin Inna na ce zan je awo. Na sauko da Tsohuwa, na sa ta tsakiyar sanduna shida na Baba, na naɗe da tsohon yadin hema na ɗaure. Ta fi yadda na zata nauyi. Na ratsa Misfala da ita, ta cikin alhazai da jakuna da masu tallar ruwa, gumi yana bin bayana a cikin baƙin mayafi, ke Hajara kina ta motsi. Sau biyu na sauke na huta. Ban ji ko ɗar ba, murna ma nake yi.

Ba zan yi wa katibin ofishin ƙarya ba, mutumin kirki ne. Dattijo ne mai tabarau, ya ga ciki ya sa aka ba ni kujera da ruwa. Da na kwance damin askar biyu suka zo suna juya Tsohuwa suna dariya, ɗaya ya ce wannan ta ga zamanin Turkawa. Katibin ya buɗe littafi ya tambayi sunan mai ita, da sunan ubansa, da aikinsa, da inda yake kwana. Na ba shi duka da Larabcina mai kyau, ina jin daɗin yadda yake fita. Ya ce wa zai tsaya masa, sai an sami ɗan ƙasa mai takarda. Na ba da sunan Baba. Ya rubuta, ya ɗaura wa bindigar wata 'yar takarda a wuya, aka jingine ta a lungu tare da wasu.

“Tayyib, ya binti,” in ji shi, wato madalla, 'yata. “Halas, an gama. Gobe ya zo da kansa ya dangwala hannu, ya taho da jawaz ɗinsa.”

“Jawaz?”

“Takardar da ya shigo ƙasa da ita. A nan zan rubuta lambarta, ga gurbin. Abu ne mai sauƙi.”

Na ce to. Ban ga komai a ciki ba. Ni da aka haifa a nan ba wanda ya taɓa tambayata takarda, kuma na san ranar da aka zo neman aurena Baba ya tambaya, aka ce masa akwai.

Na tarar da shi a ɗaki yana tsaye, hannunsa ɗaya a cikin rufi. Bai tambaye ni ba. Ni na soma zuba, na gaya masa komai tiryan-tiryan, da kujerar da aka ba ni, da yadda babu wanda ya ambaci saye, na ce ka gani, ko sisin kwabo ba su yi tayi ba balle rahusa. Na ce saura kawai gobe ka je da jawaz ɗinka. Sai ya sauke hannunsa ya zauna a bakin gado. Na taɓa ganin an yanka rago ya yi irin wannan zaman kafin ya faɗi.

“Sunan wa kib ba da shi tsaya min?”

“Sunan Baba.”

Ina jira ya yi faɗa, na ma tanadi amsa. Sai ya ce in ba shi ruwa a buta. Ya yi alwala ya yi azahar, ya ɗauki Abba daga wurin Inna ya zauna da shi a cinya har la'asar, abin da bai saba yi ba. Ranar bai je gadi ba. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya fita, ya ce mini in kula da ƙofar, iska tana buɗe ta. Bai dawo ba.

Jibo ne ya zo da yamma ya tsuguna a ƙofar Baba ya fasa ƙwan. Ba su da jawaz, su duka biyun. Ba ta tashar Jidda suka shigo ba. Wani mai kwalekwale ne ya ɗebo su daga gaɓar Sudan ya zubar da su a wani rairayi kudu da Jidda, suka yi kwana huɗu suna tafiya, shi ya sa ma bindigar ta iya shigowa. Jibo ya roƙe shi su gudu cikin duwatsu wajen makiyaya har abin ya lafa, ubanku ya ce an rubuta sunan surukinsa, in bai je ba tsohon za a kama. Ya je ya tsaya gaban katibi ya ce ga shi, shi ne mai Tsohuwa, ba shi da takarda. Baba yana jin haka ya tashi ya shige ɗaki. Jibo kuwa a makon nan ya ɓace daga Makka, ban sake ganinsa ba.

Sai bayan Hajji muka sami ganinsa. An kai su Jidda, wani fili da aka kewaye da waya kusa da teku, mutane sun fi a ƙirga, yawancinsu namu, suna jiran jirgin da zai mayar da su Sudan. Baba ya yi yawo wurin umda da wurin duk wanda ya sani mai faɗa a ji, aka ce masa da a ce mutumin bai shiga littafi ba da an san yadda za a yi, amma yanzu ya shiga. Muka hau motar kaya ni da shi. Na hango ubanku tun daga nesa don tsawonsa. Ƙafar ta kumbura, ya rame, an aske masa kai. Baba ya tsaya baya ya bar ni na matsa jikin wayar. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu, abin da ya fito daban.

“Don me ba ka gaya mini ba? Wata biyu kana ce mini rahusa, rahusa, kamar wanda ba ya ji!”

“Abu,” ya kira sunana, “tun ran da kiy yi dariya na san mi aka nuhi. Kahin ki rufe baki na gane. Kuma na san ba a ba mutum takarda sai ya nuna takarda.”

“To ka faɗa mini mana! Ni matarka ce.”

“Na yi ma babanki ƙarya ran da niz zo biɗar ki. Ya ce ba shi ba da ɗiya tai ga wanda za a kwashe wata rana. Nic ce ina da ita, tana wurin mai tumaki. In na hwaɗa miki, ke kina iya riƙe ta? Ke da ba ki iya riƙe dariya?”

Bai faɗa da zafi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na riƙe wayar nan har ta yanke ni. Ya gwammace a ɗauke shi wawa wanda bai san Larabci ba, unguwa tana yi masa dariya, yara suna kiransa Mai Rahusa a bayansa, da a san shi maƙaryaci ne a gaban surukinsa. Ni kuma na ɗauki wautar da ya ara na zata tasa ce.

Na ce zan bi shi. Ya ce a'a, in zauna, ɗansa a Makka aka haife shi, na cikin ma a nan za a haifa, kada in fitar da su su zama irinsa. Ya ce zai nemi takarda ta gaskiya a can ya dawo ta ƙofa. Sannan ya ɗaga murya ya kira Baba. Baba ya matso, suka tsaya waya a tsakaninsu. Ubanku ya durƙusa a kan ƙafar nan mai ciwo ya ce a yafe masa. Baba ya ce ya yafe, ya ce da ma shi ne ya tambayi abin da ya sa aka yi masa ƙarya. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Askar ya ce lokaci ya yi. Kwana tara bayan nan jirginsu ya tashi.

Ke Hajara kina da kwana arba'in umda ya aiko a kira ni. Na je da ke a baya, na zata labari ne daga Sudan. Sai ya miƙo mini takarda mai hatimi biyu ya ce in sa hannu na karɓa. Ruhusar ce ta fito. Ya karanta mini: an yarda wa wane ɗan wane, mai gadin tumaki, ya riƙe bindigar toka guda ɗaya, ya ɗauke ta a wajen iyakar Harami, kada kowa ya hana shi. Ashe littafin bindigogi daban yake tafiya da littafin mutane, wani ya cike gurbin da ya ga dama, aka buga hatimi.

Na wuce ofishin kai tsaye. Katibin nan yana nan da tabaransa, Tsohuwa kuma tana lungun da na bar ta, ƙura ta rufe jan fatar. Na ajiye masa takardar na ce na zo karɓa, ko don Abba. Ya duba ya ce takarda daidai take, amma ba a ba kowa sai mai ita da kansa.

“Mai ita kun sa shi a jirgi,” na ce.

Ya cire tabaransa ya goge ido. Ya gane ni.

“Wannan ba a littafina yake ba, ya binti. A nawa littafin mutumin nan yana da haƙƙinsa, babu mai taɓa shi. Ranar da ya zo zan miƙa masa da hannuna. Amma ki kula, shekara ɗaya take yi. In ba a sabunta ba sunansa zai fita, bindigar ta zama ta hukuma. Wanda ya tsaya masa yana iya sabuntawa.”

To, ga abin da ba wanda ya gaya muku. Kowace shekara, bayan alhazai sun watse, nakan kama hannun Baba mu gangara ofishin nan ya dangwala yatsa, a buga sabon hatimi. Mata suna cewa na haukace, na kai miji an kwashe kuma ina yi wa icen bindiga hidima. Ban kula su ba. A duk faɗin ƙasar nan wannan ce kaɗai takardar da ta san akwai ubanku, kuma ta ce yana da wani abu a nan da zai dawo ya karɓa. Saƙonsa yana zuwa ta bakin alhazai, shekara ɗaya a ce yana gonar auduga, wata a ce ƙafar ta hana shi aiki, wata a ce ya kusa samun jawaz. Sau huɗu muka sabunta.

Na huɗun Baba ba ya iya tafiya sosai, sai da muka yi hayar jaki. Muka dawo da sabon hatimi, tawadar ba ta gama bushewa a yatsansa ba, muka tarar da wani baƙo Bagobiri zaune a tabarmar ƙofar gida yana jiranmu. Ya kwana uku yana neman gidan kafin ya koma ƙasarsu. Ya ce shi ya yi wa ubanku wankan gawa. Na tambaye shi yaushe. Ya ƙirga da yatsunsa ya ce wata biyar ke nan.